Yadda Ake Kare Fitilar Babur Daga Tsakuwa a Hanyoyin Karkara

Fitilar gaba tana cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa a babur ɗin da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka, kuma yawanci ba faɗuwa ke kashe ta ba, tsakuwa ce. Kana tafe a bayan tifa ko motar 'yan kasuwa, sai ka ji ƙas, ka wuce abinka. Sai an kwana biyu ka ga raɓa a cikin gilashin, bayan wata guda kuma hasken ya koma ja kamar na aci-balbal. Gilashin da ya tsage ba shi ne babbar asarar ba. Asarar tana ga farin kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan fitila, wanda ke tattara haske ya jefa shi kan hanya. Da zarar ƙura da ruwa sun samu ƙofar shiga, shafen da ke jikinsa zai dushe, kuma ba a gyara shi. Ko ka sa sabon ƙwai, hasken ba zai dawo yadda yake ba.

Matsalar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Wanda ke yankin Dutse, Birnin Kudu, Kazaure ko Rano yana cikin ƙasar duwatsu, hanyoyin burjinsu cike suke da tsakuwa mai kaifi. Wanda ke wajen Gumel, Maigatari ko Haɗejiya yashi ya fi damunsa, shi kuwa yashi ba ya fasawa, gogewa yake yi a hankali har fitila ta yi hazo. Sannan ga wuraren da ake aiki: duk inda aka zuba sabuwar tsakuwa a kan kwalta ba a share ba, da hanyoyin da manyan motoci ke bi da dutse, irin na aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Dambatta da Kazaure. Ka fara sanin wanne ne naka kafin ka kashe ko sisi.

Ka fara duba irin fitilar da ke babur ɗinka

Ƙwanƙwasa fuskar fitilar da farce ko da mukulli. Idan ta yi ƙara siririya kuma ka ji ta da sanyi a hannu da safe, gilashi ce. Idan ƙarar ta toshe, roba ce. Gilashi ba ya jin yashi sosai, amma dutse ɗaya ya ishe shi. Roba ba kasafai take tarwatsewa ba, sai dai ta ƙarje, ta yi rawaya da rana, ta kuma tsage daga gefe.

Sai ka duba yadda aka ɗaure ta. Fitila mai zagaye, irin ta Boxer, tana zaune ne tsakanin kunnuwan ƙarfe biyu, noti ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wannan ita ce mai sauƙin sa wa ragar ƙarfe mai tare tsakuwa, don wurin kamawa yana nan a shirye. Ta roba-roba kuwa, da sauran babura masu fuskar roba, a cikin murfi take, babu ƙarfen kirki kusa da ita. Kada ka yarda a huda wannan murfin a rataya masa ƙarfe. Gargadar hanya za ta yage hudar cikin 'yan makonni, ka rasa murfin ka rasa ragar. Irin wannan, sai dai leda mai mannewa, zan zo kanta.

Haɗa raga

Ga mai fitila mai zagaye, ragar ƙarfe ita ce maganin da na fi yarda da shi, kuma kowane mai walda na bakin kasuwa zai iya haɗa ta idan ka tsaya a kansa. Tsayawar nan ita ce rabin aikin. Idan ka ce masa kawai "Malam, a sa mini raga" ka tafi shan shayi, za ka dawo ka tarar ya manna wani ƙarfe a jikin bakin fitilar, ya shafa masa farin fenti, yana jiran ka yaba.

Kayan da ake bukata ba su da yawa: rodi siriri mai kaurin milimita 6 wanda zai zagaye fitilar, guntun ƙarfe mai faɗi na yin hannuwa uku, raga, noti biyu da suka ɗan fi na asali tsawo, washa, tsohon tif na taya, samfefa, da baƙin fenti wanda ba ya sheƙi. Rodi da raga ana samunsu a Ƙofar Ruwa idan ka shiga birnin Kano, amma guntun da kake nema bai kai a yi masa tafiya ba, yawanci yana zube a gindin teburin mai waldar.

Zaɓen raga shi ne inda aka fi yin kuskure. Ragar sauro ta taga ba ta tare komai, haske kawai take cinyewa. Ragar tankaɗe yashi ta magina idonta ya yi ƙanƙanta, ita ma za ta rage maka haske, kuma laka na toshe ta a damina. Ragar kejin kaji mai laushi kuwa lotsawa take yi ta kai ga gilashin. Abin da kake nema raga ce mai tauri, wayarta kamar kaurin tsinken ashana, idonta tsakanin santimita 1 zuwa 1 da rabi, wato ƙaramin yatsanka ya shiga da ƙyar. Ido mafi faɗi daga haka zai bar tsakuwar kwalta ta wuce. Idan ba a samu ba, murfin tsohuwar fanka ta tebur yana aiki: wayarsa na da ƙarfi, ya riga ya zo a lanƙwashe kamar kwano, sai dai a yanko tsakiyar da ta dace a cire tambarin da ke cibiyarsa. Illarsa ita ce tsagar da ke tsakanin wayoyin doguwa ce, dutse mai faɗi siriri na iya zamewa ta ciki, don haka a gitta masa waya biyu ko uku.

Kafin a yanka ƙarfe, a yi awo da kwali. Ɗora kwali a fuskar fitilar, ka zana bakinta, sannan ka ƙara faɗin yatsa ɗaya a duk kewayen. Wannan babban da'irar shi ne girman zoben da za a lanƙwasa da rodi. Dalilin ƙarin shi ne kada zoben ya shiga cikin hasken, kuma kada ya goga bakin fitilar.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci: raga ba ta taɓa gilashi. Dole a bar tazarar da babban yatsanka zai shiga a kwance, kamar santimita 2, tsakanin ragar da wurin da fuskar fitilar ta fi tudu, wato tsakiya. Dutse idan ya daki raga, lotsa ta yake yi ta ciki ta dawo. Idan tana jingine da gilashin, ita da kanta za ta miƙa masa dukan, a wuri ɗaya ƙanƙani ma, wanda ya fi dutsen illa. Ko ba dutse, girgizar hanya kaɗai za ta sa ta zana maka layuka a jikin fitilar roba. Akwai kuma amfani na biyu: ta wannan tazarar za ka riƙa zura tsumma kana share ƙura. Yana da kyau a ɗan buga ragar a kan tsohon kwano ko cikin turmi ta yi tudu waje, don mai tudu ta fi shimfiɗaɗɗiya jure duka, kuma tana karkatar da dutsen gefe.

Wajen manna raga a zobe, waldar lantarki takan ƙone siririyar waya ta bar rami. Idan mai waldar ba shi da hannu mai sauƙi, kai wa mai waldar gas, irin masu gyaran salansa, ko kuma a naɗe bakin ragar a jikin zoben a ɗaure da waya a matse da filaya. Ɗaurin waya ba abin rainawa ba ne, ranar da ragar ta lotse kwancewa kawai za ka yi ka sauya. Idan ragar mai farin shafe ce da ba ta tsatsa, hayaƙin da take fitarwa a wuta yana sa zazzaɓi da ciwon kai, a yi aikin a fili, kowa ya kauce wa iskar.

Hannuwa uku za a yi mata, ba biyu ba. Biyu na gefe su ne za su tafi kan notin kunnuwan fitila. Amma noti biyun nan a layi ɗaya suke, don haka ragar na iya juyawa a kansu, yau ta sunkuya gobe ta ɗaga, har wata rana gefenta na sama ya kwanta a kan gilashi. Hannu na uku a ƙasa, wanda zai kama wani noti da ke kan ƙarfen da ke riƙe da shoka ko wurin hon, shi ke hana wannan. Masu walda da yawa za su ce maka "ai Alhaji biyu ma sun isa, in an ɗaure tam". Ka ce a ƙara na ukun.

Kada a yi walda a jikin babur. A auna a jiki, a sauke, a yi walda a ƙasa, a dawo a gwada. Tartsatsi ɗaya ya isa ya bar tabo na dindindin a gilashi ko ya huda roba, ga tankin mai a kusa, sannan wutar walda na iya bi ta wayoyi ta ƙone maka kayan wutar babur. Idan har ya zama dole a ɗiga a jiki, a cire kan batir, a rufe fitila da tanki da jiƙaƙƙen buhu, a kama wayar ƙasa ta injin waldar dab da wurin da ake aiki.

Bayan an gama, a goge duk wani kaifi da samfefa, a shafa baƙin fenti marar sheƙi, gaba da baya. Wannan ba don ado ba ne. Raga fara ko mai ƙyalli tana kama hasken fitila ta watso shi sama, musamman a hunturu da ƙura ta cika iska, sai ka riƙa ganin wani farin gajimare a gabanka maimakon hanya. Baƙi yana shanye wannan. A bar fentin ya bushe sosai kafin a ɗaura.

Ɗaurawa

Kwance notin gefe ɗaya kaɗai, ɗayan ya riƙe fitilar kada ta faɗo ta tsinke waya. Yanko washa biyu daga tsohon tif, ka huda tsakiyarsu. Jerin daga waje shi ne: kan noti, washar ƙarfe, hannun raga, washar roba, sannan kunnen fitila. Robar tana shanye girgiza. Amma kada ka sa roba tsakanin kunnen da kwanon waje da fitilar ke ciki, a bar su ƙarfe da ƙarfe yadda kamfani ya yi, domin a wasu baburan ta nan wutar fitila ke komawa jiki. Idan bayan ka gama ka ga haske na kyaftawa, nan za ka fara dubawa.

Sabon notin kada ya wuce na asali da fiye da kaurin abin da ka ƙara. Cikin kwanon fitila nan wayoyin babur suka taru a dunƙule, noti mai tsawo zai je ya goge ɗaya daga ciki, wata rana ka ji ƙaurin roba a tsakiyar daji. Yi ɗaya gefen haka nan, sannan hannun ƙasa. Kada ka matse kowanne har ƙarshe sai ukun sun zauna.

Sai gwaji, babur a tsaye. Juya kai dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ka ga ko ragar na taɓa tanki ko tana jan wayar kuloci, ta burki ko ta sifido. Sannan ka damƙe burkin gaba ka danna kan babur ƙasa da duk nauyinka sau da yawa. Abin da kake dubawa shi ne kada ƙasan ragar ya haɗu da murfin tayar gaba idan shoka ta nutse. A tsaye za ka ga kamar akwai fili, amma ranar da ka faɗa rami da buhu biyu na gero a baya, shokar za ta nutse fiye da yadda hannunka ya iya danna ta, don haka a bar tazara mai yawa.

Saitin haske

Kwance notin nan ya riga ya gusar da saitin fitilarka, ko ba ka lura ba. Bayan magariba nemi bango mai fili a gabansa, ƙasa a daidaice. Matso da babur dab da bangon, ka yi alama da gawayi daidai tsayin tsakiyar fitilar, kana zaune a kai. Ja baya mita 5, kamar taku bakwai na babban mutum. Ta da injin, don yawancin baburan nan fitilarsu ba ta ci sai inji na aiki, ka sa dim, wato ƙaramin haske. Saman hasken ya kamata ya sauka kamar santimita 5 ƙasa da alamar, faɗin yatsu uku ke nan. Idan ya haura, kana kashe wa mai zuwa ido, idan ya yi ƙasa da yawa ba za ka ga jaki a kan hanya ba sai ka zo kansa. Daidaita, sannan ka matse duka. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ko mutum biyu ne, ya yi saitin da wani a bayansa, domin nauyin baya ɗaga hanci yake yi.

Za ka ga inuwar ragar a bango, siririya. Wannan ba komai, a kan hanya ɓacewa take yi. Idan kuwa hasken ya ragu ƙwarai, ragar ce ta yi yawa, a sauya ta. Kada ka ce za ka rama da babban ƙwai. Yawancin baburan nan ƙwai mai wat 35 aka yi musu, ka sa mai 55 ko 60 zafinsa ya narkar da mazauninsa, kuma wutar da injin ke bayarwa ba lallai ta ishe shi ba.

Ga masu fitilar roba

Akwai farar leda mai kauri, mai gam a baya, wadda masu manna wa mota sitika ke amfani da ita wajen kare fenti. Ita ake nema, ba salatif ba. Salatif rana na gasa shi ya yi rawaya, ya bar danƙo da ba ya fita sai da fetur, shi kuma fetur yana ɓata robar fitila. A wanke fitilar da ruwa da sabulu ta bushe, a yanko ledar ta ɗan fi ta girma, a fesa ruwa mai ɗigon sabulu a fitilar da bayan ledar, a ɗora, a riƙa matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da tsohon katin banki da aka naɗe da tsumma. Inda ta ƙi kwanciya a lanƙwasa, a bar ta ta ɗan sha rana ta yi laushi. A datse gefen da reza a hankali, a bar ta kwana ɗaya ba wanki. Tana maganin yashi da ƙananan tsakuwa sosai, babban dutse kam ba ta iya masa. Mai launi, ja ko shuɗi, da samari ke mannawa don gayu, rabin haske take cinyewa, ni dai ba na ba kowa shawarar ta.

Wasu kan sa faranti na farar roba a gaban fitila maimakon raga. Idan irin mai lanƙwasuwa ce ba ta karye ba, tana aiki, da sharaɗin tazarar nan da kuma barin gefe a buɗe don zafi ya fita. Mai ƙaƙas ɗin da ake yin allon talla da ita tarwatsewa take yi. Kuma kowace iri ce, fuska biyu ka ƙara wa ƙura ta kwanta.

A kan hanya

Dutsen da tayar motar gabanka ta ɗaga ba ya zuwa da gudu sosai. Tashi yake yi sama ya rage gudu, kai ne ke zuwa ka same shi da naka. Shi ya sa rage gudu ke aiki haka: ƙarfin duka yana ninkuwa huɗu ne idan gudu ya ninku biyu. Wanda ya daki tsakuwa a gudun kilomita 80 a awa ya sha duka ninki huɗu na wanda ke kan 40. A gudun kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, don haka tazarar daƙiƙa uku mita 50 ce, kuma a nan yawancin tsakuwar ta riga ta faɗi. A burji ƙa'idar ta fi sauƙi: idan kana shaƙar ƙurar mota, ka matsa da yawa.

Tifa da tirela sun fi kowa haɗari. Tayoyinsu na baya bibbiyu ne, dutse kamar dunƙulen hannu kan maƙale a tsakaninsu ya yi ta zagaye har ya kuɓuce. Wannan babu ragar da za ta tare shi, kuma ba fitila kaɗai yake nema ba, don haka hular kwano mai gilashi a fuska tana cikin wannan lissafin. Kada ka tsaya daidai layin taya. Ko ka wuce idan hanya ta buɗe, ko ka bar ta ta yi nisa. Mai zuwa daga gaba kuma, sassauta ka matsa dama tun kafin ku haɗu.

Ranakun kasuwa, Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari, Lahadi a Dambatta, babura kan taso a jere da yamma kowa na sauri ya isa gida kafin duhu, haka ma rakiyar amarya. A irin wannan jerin tayar ɗan'uwanka ce ke jifan ka. Kada ka bi sawunsa daidai, ka ɗan karkata gefe ka bar fili.

Idan ta riga ta tsage

A take ka share wurin ka manna masa kowane irin salatif, na 'yan kwanaki ne, don dai kada ƙura ta shiga. Da ka isa gida cire fitilar, fitar da ƙwai, ka kifa ta a inuwa mai iska ta bushe. Kada ka zura tsumma ka goge farin kwanon ciki, shafensa siriri ne ƙwarai, da tsumman zai biyo. Ƙaramar huda ko tsaga a gefe ana toshe ta daga waje da farin gam irin na masu haɗa gilashin taga. Sufa-gulu kuwa yana barin farin hazo a jikin roba. Idan tsagar ta ratsa tsakiya, sai sabuwa, kuma ka tafi da tsohuwar shago a gwada, don masu kama da juna suna da yawa amma mazaunin ƙwansu ya bambanta. Wajen mayar da ƙwai, idan irin siririn nan ne mai zafi, kada ka kama gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na sa shi saurin ƙonewa. Riƙe shi da takarda, ka tabbatar robar da ke rufe bayansa ta zauna daidai.

Wajen wanki, fara zuba ruwa ya tafi da ƙurar kafin tsumma ya taɓa fitila, don busasshen tsumma a kan ƙura samfefa ne. Kada a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi da saukowarka daga tafiyar dare, ƙaramar tsaga da ba ka gani ba za ta buɗe. Bayan tafiya ta farko a gargada ka sake bin notin ukun da sifana, domin washar roba takan kwanta su saki, daga nan kuma ka riƙa duba su duk ranar da za ka juye baƙin mai.